Hannun da Ya Daina Ciwo

Malesiya,
Fabrairu, 2006

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Malam Ya'u da 'yar gidana Hanan. Ni lafiyata lau, ban da murar da ruwan ƙasar nan yake sa ni, don nan ba su san rani ba, kusan kullum da la'asar sai an zuba ruwa. Shinkafa kuwa na ci har na daina jin ɗanɗanonta. Da za a sa tuwon dawa a ambulan, da shi na roƙe ki.

Baba ya rubuto mini cewa tun da Allah ya yi wa ƙaninsa Saleh rasuwa a hatsarin hanyar Kano, Malam Ya'u bai dawo daidai ba. Rashin ƙani irin wannan sai haƙuri. Allah ya jiƙansa. Baba ya kuma ce yanzu yawancin zaman Malam Ya'u a gidan gem ɗin Bubayero yake, inda ake buga wasa a talabijin, kusa da shagonsa na ɗinki. Baba da ɓacin rai ya rubuta wannan, ni kuwa da na karanta sai na ga kamar Allah ne ya kawo mini mafita.

Kin san karatuna ya zo ƙarshe, kuma dole kowane ɗalibi ya ƙera wani abu nasa kafin a sallame shi. A fanninmu ana koyon yadda za a siffanta kayan aiki su dace da jikin mutum: kujera, ƙotar guduma, sitiyarin mota. Ni na zaɓi hannun gem, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga wasa a talabijin. Na lura na kasuwa sun yi wa hannun irin namu ƙanƙanta, shi ya sa yatsu suke ƙagewa. So nake na yi masa wata 'yar riga ta roba da za ta cika tafin hannu, mutum ya riƙe ba tare da gajiya ba.

Don Allah ki sa Malam Ya'u ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan takarda, ki zagaye su da biro, ki sa alama duk inda yake masa ciwo idan ya daɗe yana bugawa. Ki aiko mini.

Ƙaninki,
Najmuddeen


Azare,
Maris, 2006

Najmu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Hanan ta fara zuwa Islamiyya, kullum sai an yi rigima kafin ta sa hijabi. Babanka Kawu Umara yana nan da ƙarfinsa, sai ɗan ciwon gwiwa.

Ashe karatun da Kawu yake cika mana kunne da shi a kowane taron suna, na abin wasa ne? Na yi dariya har Hanan ta leƙo ta ga ko lafiya.

To, ga hannuwan na zana maka. Baban Hanan ya ji daɗi ƙwarai da ka tuna da shi. Inda na yi baƙin ɗigo, nan ne kanta ta fito masa a babban yatsa. Inda na ja layi kuma, nan ne yake riƙewa idan ya dawo.

Bari na gaya maka gaskiyar yadda muke, tunda Kawu a taƙaice ya ba ka. Ka san aikinsa, duk Azare in ana maganar aikin allura a babbar riga sai an ambace shi. Har daga Shira da Gadau ake kawo masa. Yanzu riga sai ta yi wata a rataye. Da ya ji Bubayero ya tada janareta, sai ya soke allura a aljihu ya tsallaka. Ƙwallo suke bugawa, shi da samarin da ya girme su nesa ba kusa ba.

Na yi masa magana. Na ce, "Baban Hanan, mutum da iyalinsa, me zai zaunar da shi cikin samari?"

 Ya ce, "Mas'uda, idan na riƙe allura, hannuna ne kawai yake aiki, kaina yana can bakin titi inda na ɗauko Saleh. Idan na riƙe wancan, ba na tuna komai."

Daga nan na ƙyale shi.

Abin da yake taimaka mini ɗaya ne. Idan ya daɗe yana bugawa hannun yakan yi masa zafi, dole ya ajiye. Kafin magariba ya shigo gida yana yarfe yatsu, na dafa ruwa na gasa masa. Ni ban san aikinku ba, amma ciwon nan shi kaɗai ne yake dawo mini da shi gida a kan lokaci.

Ka kula da sallah, ka rage yawo cikin ruwa.

Yayarka,
Mas'uda


Malesiya,
Mayu, 2006

Yaya Mas'uda,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kowa lafiya, ina fatan Hanan ta shirya da hijabinta.

Wannan a gurguje nake rubutawa, don wani Alhaji ɗan kasuwa da zai sauka Kano ne zai taho muku da saƙon. A cikin kwalin za ku ga rigar hannun gem ɗin, ta farko da na ƙera, kuma da ma'aunin hannun Malam Ya'u na yi ta. A zura hannun gem a ciki sai ya zauna. Tudun nan biyu su ne za su cika gindin tafin hannu. Maɗaurin kuma a zagaya shi a wuyan hannu a ɗan tsuke, don kada yatsu su ɗauki nauyi.

Na ga abin da kika ce game da ciwon da ke dawo da shi gida. Yaya, ciwo ai ba abin riƙewa ba ne. Mutumin da hannunsa ne abincinsa bai kamata ya riƙa wahalar da shi ba. Idan hannun ya huta, sai ya fi jin daɗin komawa kan allura.

Ki rubuto mini duk abin da ya ce, kalma da kalma. Malamina yana son jin shaidar wanda ya yi amfani da ita.

Najmuddeen


Azare,
Yuli, 2006

Najmu,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, ƙyanda ce ta kama Hanan, mun sha jinya, amma alhamdu lillahi ta miƙe. Damina ta yi kyau, gero ya rufe ƙasa a hanyar Gadau.

Saƙonka ya iso. Ranar da Baban Hanan ya kai rigar gidan Bubayero, an ce har layi aka yi don a taɓa. Kowa ya tambaya sai ya ce, "Ƙanin matata ne ya ƙera, a Malesiya." Rabon da na ga haƙoransa a waje haka tun kafin rasuwar.

Ka ce na rubuto abin da ya faɗa. Hannun ya daina ciwo. Na tambaye shi jiya, ya ce yanzu ba ya jin komai.

Sai dai ni hankalina bai kwanta ba. Ya daina neman ruwan gashi, kuma ba ya shigowa sai an watse daga sallar isha'i. Ran nan na miƙa masa kofin kunu, ya karɓa, sai kofin ya zame tsakanin yatsunsa ya kife a tabarma. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne. Na ce lafiya? Ya ce kofin ne yake da santsi. Kofin nan na roba ne, Najmu, busasshe.

Hanan tana kuka, bari na tsaya nan.

Mas'uda


Malesiya,
Agusta, 2006

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Sannunku da jinya, Allah ya ƙara wa Hanan lafiya. Ni ma lafiya, har na yi 'yar ƙiba.

Wallahi ba ki san farin cikin da wasiƙarki ta sa ni ba. Na fassara wa malamina layin nan da kika ce hannun ya daina ciwo, ba ya jin komai. Ya tashi ya ba ni hannu a gaban 'yan ajinmu. Ya ce abin da duk mai wannan aiki yake nema ke nan, mutum ya riƙe abu har ya manta yana riƙe da shi. An ba ni izini na ƙera wasu, a raba wa ɗalibai su gwada na tsawon lokaci. Har akwai maganar wani kamfani zai zo ya gani.

Batun kofi kada ya dame ki. Wa bai taɓa sakin kofi ba? Dawowa a makare kuma ɗoki ne na sabon abu, zai wuce. Ki ce ina gaishe shi, kuma sunansa yana cikin waɗanda zan gode wa a littafina.

Ƙaninki,
Najmuddeen


Azare,
Satumba, 2006

Najmuddeen,

Sallama. Muna nan da rai. An fara azumi, Allah ya karɓa mana.

Na karanta wasiƙarka na rasa ko na yi kuka ko na yage ta. Ba ka gane abin da na rubuta ba, ko kuma ni ce ban iya rubutu ba. Da na ce ba ya jin komai, ba ya jin komai nake nufi. Ba ciwo kaɗai ba. Sanyi, zafi, tsinin allura, duk ba ya ji.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi yana guga a tsakar gida. Rigar wani Alhaji ce ta sallah da ya samu ya ƙarasa da ƙyar. Ya zuba gawayi a dutsen guga, yana gogewa yana ba ni labarin wani wasa da ya ci. Sai na ji ƙauri. Na ce, "Baban Hanan, rigar mutane tana ƙonewa!" Ya ɗaga dutsen, riga lafiya lau. Sai a lokacin muka ga yatsunsa biyu na hagu, da yake danne rigar da su, sun jingina da gefen ƙarfen. Fatar ta yi fari ta naɗe. Shi kuwa bakinsa bai ma gama rufewa daga dariyar da yake yi ba.

Na saki ihu. Ya ce, "Yi shiru, kada maƙwabta su ji." Ya zauna a bakin rijiya yana jujjuya hannun. Ya ce a hankali, "Mas'uda, wallahi ban ji ba."

Amma maƙwabta sun ji. Ka san garin nan. Mutum ya ƙone bai sani ba, ba sai an gaya maka ciwon da zai faɗo wa mutane a rai ba. Kuturta suke nufi, ko da yake ba wanda ya furta a gabanmu. Zinatu da muke katanga ɗaya ta hana 'ya'yanta cin abinci a kwano ɗaya da Hanan. A masallaci ya miƙa wa wani hannu, mutumin ya dafe ƙirji ya ce yana mura. Masu riguna suna ta aikowa a ba su kayansu, wai sun fasa aikin. Wani ma da sanda ya sa aka ɗauko masa tasa.

Na roƙe shi mu je asibiti, ya ƙi. Tsoro yake ji kada likita ya faɗi sunan da bakinsa. Na ce to ya ajiye abin nan naka, don ni tun zuwansa na ga canji. Ya ce, "Me ya haɗa roba da ciwo? Ita ce ma kaɗai ba ta guduna." Da bandeji a yatsu ya koma gidan Bubayero.

Shekaranjiya mahaifiyarsa ta zo daga Katagum. Ta dubi hannun, ta ce jifa ne, masu baƙin cikin sana'arsa ne suka yi masa. Ta ce ba za ta koma ba sai da shi, akwai mai magani a can. Sun tafi da safen nan.

Ba zan iya kiranka a waya ba. Mai wayar unguwarmu a ƙarƙashin lema take a bakin titi, duk abin da na faɗa kafin la'asar ya zaga gari. Kai ka yi karatun hannu. Ka gaya mini abin da yake samun mijina.

Mas'uda


Malesiya,
Satumba, 2006

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya, kuma ta same ku da wuri. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙar Yuli, shirun nan yana damuna.

Ki karɓe rigar gem ɗin nan daga hannun Malam Ya'u yau ɗin nan. Kada ki jira ya yarda.

Ɗaliban da aka ba su gwaji, waɗanda suka fi daɗewa da ita sun fara cewa suna jin kamar kiyashi na yawo a babban yatsa da biyun da ke biye da shi. Wata ta ce ta kasa ɓalle maɓallin rigarta. Malamina ya kai wa wani likitan hannu ya duba. Ya ce akwai jijiyar da take bi ta tsakiyar wuyan hannu ta kai ji ga waɗannan yatsu, kuma tudun da na yi a daidai kanta yake zama, maɗaurin kuma yana ƙara danne ta. Da farko mutum zai ji daɗi. Daga nan ji ya fara ɗaukewa. Idan aka daina da wuri yana dawowa. Idan aka daɗe, naman gindin babban yatsa yakan shanye. An tattara duk waɗanda muka raba.

Su ɗaliban nan ɗan lokaci kaɗan suke bugawa a rana. Na koma na sake karanta wasiƙarki, wajen kofin, na gane abin ya riga ya kama Malam Ya'u.

Tun farkon watan nan na samu lambar Bubayero a wajen Baba na kira, ya haɗa ni da Malam Ya'u. Na ce ya daina amfani da ita. Dariya ya yi, ya ce, "Najmu, ko dai so kake ka karɓe ka sayar wa Turawa?" Layin ya yanke. Na sake kira sau da yawa, ba a ƙara ba shi ba.

Ki kai shi asibiti da wannan takarda, ki nuna wa likita. Ban samu mai tahowa ba, ta gidan waya na aiko, akwatin Baba.

Najmuddeen


Azare,
Disamba, 2006

Najmuddeen,

Wa alaikumus salam. Mu da sauƙi. Hanan lafiya.

Wasiƙarka ta Satumba sai bayan ƙaramar sallah ta zo hannuna. Kawu ya tafi Shira girbi da makullin akwatin a aljihunsa, tana can kwance har ya dawo. Washegarin da na karanta na hau mota zuwa Katagum. Na sami Baban Hanan a zauren gidansu, an shafe masa hannu da wani baƙin magani, an ware masa kwanonsa da butarsa. Ya rame. Na karanta masa a gaban mahaifiyarsa. Ta ce ba inda za shi. Shi ne ya miƙe ya ce, "Inna, ki yafe ni, zan bi ta."

Likita a nan Azare ya duba fatarsa ko'ina, ya ce ba kuturta ba ce. Da ya faɗi haka, Baban Hanan ya kifa kai a kan tebur ya yi kukan da ban ga ya yi ba ko ranar jana'izar Saleh. Jijiya ce, kamar yadda ka ce. Aka tura mu Kano, aka yi masa aiki a wuyan hannu biyun.

Na hagu yana dawowa. Yana masa zugi, yana hamdala. Na dama kuwa gindin babban yatsan ya lotsa, likita ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Jiya ya ce na ba shi allura da zare. Na ba shi, na shiga ɗaki don kada ya ga ina kallo. Da na fito allurar tana ƙasa, shi kuma yana kallon bango. Ya mayar wa mai shago makullinsa. Zinatu ta kawo mana tuwo ta ba da haƙuri, amma riga ko ɗaya ba ta dawo ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Da muka dawo na tambaye shi ina rigar gem ɗin take, don na ƙone ta. Ya ce ya ba Bubayero ajiya ranar da za su Katagum. Na sa hijabi na tafi da kaina. Ban taɓa shiga wurin ba. Benci ne jere da samari, kowa da hannun gem, kuma kowane hannu yana cikin riga irin taka. Ba ta roba ba, ta katako. Bubayero ya kai wa wani kafinta taka ya kwaikwaya, tudun da komai, ya yi maɗauri da robar tayar keke. Na taɓa ɗaya, tauri kamar dutse.

Na ce, "Bubayero, wannan abin ne ya kashe wa mijina hannu." Na nuna masa takardarka.

Ya karɓa da ladabi, ya duba, ya miƙo mini. Ya ce, "Hajiya, ciwon Malam Ya'u daga Allah ne. Tun da na kawo wannan, mutane suka bar sauran gidajen suka dawo nan. In na cire yau, gobe suna wajen wani, don yanzu kowa ya yi."

Gaskiya ya faɗa. Na je wajen kafintan. Ya ce gidajen gem na cikin gari duk sun karɓa, an kai Hardawa, wani direba ya ɗauki buhu guda zuwa Misau, kuma ga wasu can yana fere wa mutanen Gadau. Na yi masa bayani har muryata ta dishe. Ya ce in wanda ya ƙirƙira ya zo da bakinsa ya ce a daina, zai daina, amma ba zai bar sana'a a kan maganar mace mai jinya ba.

Baban Hanan ya ce zai fita ya nuna musu hannunsa gida gida, kuma ya fara. Wasu sun ajiye. Wasu suna ganinsa sai su matsa, har yanzu da waccan maganar a ransu.

Ka san sunan da suke kiranta? Najmu. "Miƙo mini Najmu." "Najmun nan ta fi waccan daɗi." Haka na ji suna cewa.

Ban sani ba ko an sallame ku, ko da sauran jarrabawa. Ni dai na gaya maka abin da ke nan, kuma maganarka kaɗai za su ji. Ka zo.

Abu na ƙarshe. Kawu Umara ya ji ana kiran sunanka a kasuwa, ya tambaya aka nuna masa. Ya sayi ɗaya ya rataye a zaurensa, duk baƙon da ya zo sai ya sauko da ita ya ce aikin ɗansa ne. Ya san surukinsa ba shi da lafiya, bai san dalili ba. Na je gaishe shi sau biyu da niyyar faɗa masa, na kasa. Wannan kai za ka gaya masa.

Yayarka,
Mas'uda